Waƙar Bulgeriya da ta cinye sunan Yaya Sani

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar yayana, Injiniya Sani, kuma har yau ban yafe wa waƙar nan ba.

Farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da kuɗi ke yawo a Abuja, ma'aikatarsu ta tura shi kwas ƙasar Bulgeriya. Ya dawo da faifan wata waƙar casu ta mutanen can, kiɗa mai zafi da mace tana ƙaraji. Ko kalma ɗaya ba ma ji, shi ma ba ya ji. Ranar sunan 'yarsa Hafsatu a Gwarinpa ya saka ta, ya ɗan taka don murna. Shi ke nan, abokansa suka mayar da ita takensa. Duk taron da ya shiga sai ka ji, "Oga, a sa mana ta Bulgeriya mana."

Shi ma ina jin haushinsa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Mutumin da ke ƙarar da Asabar da Lahadinsa a rugagen Fulani na wajen Paikon Kore yana haƙa musu rijiyar burtsatse, yau ba a tuna shi sai da girgiza kafaɗa. Na je can bara. Famfon na ba da ruwa, shanu na sha, amma ba wanda ya san sunan wanda ya haƙa. Abokan nan kuwa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ko sau ɗaya ba su leƙo marainiyar da ya bari tana 'yar shekara shida ba.

Watan jiya aka yi bikinta, sai ga su da manyan riguna. Daidai lokacin da za a miƙa amarya, inda ake yi wa uba addu'a, ɗayansu ya karɓe lasifika ya ce, "Mu tuna da Injiniya." Na ɗaga hannu zan shafa Fatiha, sai waƙar ta ɓarke, tsofaffin banza suka cika fili da rawa. Da Yaya zai leƙo, na san kunya ce za ta kashe shi karo na biyu.

Hafsatu ta jawo hannuna ta ƙarƙashin mayafi. "Gwaggo, wai dama Baba ɗan rawa ne?"

Na sunkuya na faɗa mata ko wane ne ubanta, har sau biyu. Kiɗan bai bari ta ji ni ba.