Awon Zuciyar Inna

Har yanzu ban manta ranar da na kai Inna asibiti ba. Ni ce 'yar fari, shi ya sa Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Bafulatanar Kajiji ce, aure ya kawo ta Danchadi, kuma a wurinta faɗin ciwo abin kunya ne. Ko ciwon sugan nan sai da ta rame sosai aka gano shi.

Ana gobe za mu je karɓar maganinta a Boɗinga, na ishe ta kwance bakin rijiya, ido buɗe amma ba ta ganina. Kafin in yi ihu ta farfaɗo, ta gyara ɗaurin zane, ta ce santsi ne, kada kowa ya ji. Wurin kuwa a bushe yake ƙamas.

A asibiti likita ya ce za a yi mata awon zuciya, don suga in ya daɗe yakan taɓa jijiyoyi, bugun zuciya ya rikice mutum bai ji zafin komai ba. Wata nas mai barkwanci ta kai mu bayan labule. Inna na ganin wayoyi ta ja ta tsaya.

"Wuta za ku sa mani?"

"Haba Inna, ina muka ga wutar da za mu ɓata a kanki? Saurare kawai na'urar take yi. Kwanta."

Ta kwanta, ta rufe fuska da gefen mayafi. Amma duk abin da nas ta manna mata a ƙirji sai ya zame ya faɗo. Nas ta shinshina yatsanta.

"Man shanu? Inna, ƙirji ne ko tuwo? Mi ya sa kika shafa?"

"Sanyi na."

Ni dai na san ba ta shafa man shanu sai inda ke damunta. Aka goge da auduga, aka sake mannawa, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto.

Likita ya daɗe yana ƙirga 'yan gidajen da ke jikin takardar da bakin biro. Ya ce zuciyarta na ɗan jinkiri kafin ta shirya wa bugu na gaba. In ba ta taɓa suma ba, zai duba magungunanta mu koma gida, mu dawo wata mai zuwa. In kuwa ta taɓa, yau sai Sakkwato, don irin wannan na iya tsayar da zuciya farat ɗaya.

"Inna, kin taɓa faɗuwa? Ko jiri, ko duhu-duhu a ido?"

"Lahiya lau, likita. Sai godiya."

Ya sunkuya zai fara rubutu. A gidanmu ba a ƙaryata babba, balle uwa, balle a gaban baƙo namiji. Inna ta ɗago ta zuba mini ido, na kuma san abin da idon ke nufi.

"Likita," na ce, "jiya ta faɗi. Ba ta san inda take ba."

Ya ajiye biro. Inna ta kau da kai daga gare ni, ta juya wajen nas.

"Kin gani ko? Abin da boko ka koya masu ke nan."

"Boko ya yi rana, Inna. Tashi mu nemo maku mota."

A hanya na kai hannu zan riƙe tsintsiyar hannunta in ji bugun, ta janye. A Sakkwato suka kwantar da ita, suka ce wani maganin zazzaɓi da take saye a kemis yana ƙara tsananta abin, suka hana ta shi, suka gyara sauran.

Ta dawo gida da ƙafarta. Ga masu zuwa gaisuwa cewa take hutu kawai likitoci suka ba ta, in kuma tana son abu a wurina ƙanwata take aikowa. Ban sani ba ko ta huce. Da asuba nakan tsaya ƙofar ɗakinta, ba na tafiya sai na ji motsin buta.