Gwaggo Kulu da Ɗakin Banda

Ku da kuka san Gwaggo Kulu, ƙanwar babanmu, kun san ba ta sallama. Tari take yi daga bakin zaure, sannan ta ce, "To, ba ku amsawa?" Tun ina ƙarama take bandar kifi a Argungu, cikin wani ɗaki marar taga, wai iska tana sace wa kifi ɗanɗano.

Da numfashi ya fara gagarar ta, ni na ja ta asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta, ya ce 'yan jakunkunan iska na huhunta sun saki, iska na shiga ta kasa fita. Ya ce ciwon iri-iri ne: akwai na hayaƙi mai cin saman huhu, akwai na gado mai cin ƙasa, akwai mai bin gefe.

"Ɗana, rubuta min na gadon," in ji ta.

"Inna, ba zaɓa ake yi ba. Naki na hayaƙi ne."

"Mi hayaƙi ya yi maka? Ubana ya mutu, ba ya jin zargi. Banda kuwa ita ka ciyar da ni!"

Kai, Gwaggo! Aka ba ta maganin shaƙa. Da na koma duba ta, sai na same shi ƙasan adaka, naɗe cikin ɗankwali.

"Abu mai tsada haka a shaƙe shi ranar banza? Sai Sallah."

Na ce in ba ta shaƙa yau ba, Sallah za ta zo ta tarar ba ta nan. Ta ce da bakina kifi ne, da ƙaya zalla ne. Amma ta shaƙa.

Ɗakin ne ta ƙi bari. Mun yi faɗa, mun yi roƙo, ko gezau. Sai ranar da ɗiyarta Hadiza, suna juya kifi tare, ta sarƙe da tari har ta dafa bango. Gwaggo na kallon ta. Washegari muka tarar ta sa an yaye rufin kaf.

"Ashe kin ji maganar likita," na ce.

"Wane likita? Yoyo rufin ka yi."

A tsakiyar rani fa!

An duba Hadiza, an ce huhunta bai taɓu ba. Yau ita ke riƙe da sana'ar, a sarari, tana ɗaukar kwandon kifi daga bakin gulbi har gida ba ta tsaya hutu ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya ba ta iskar Aljanna ta shaƙa har ta ƙoshi.