Bangon da Iya Tsuyako Ta Goya

Kafin in ɗora shinkafa a gidan tsofaffin da nake girki, Iya Tsuyako mai kula da lambu ta riga ta zaga baya da bokitinta, hazo na haɗiye ta. Can akwai dogon bangon siminti da ya tare dutse, rana ba ta leƙa shi, kuma babu mai son ɗakunan da ke kallonsa. A gindinsa ta dasa tsuru-ajisai, yaɗon nan na daji mai kama bango da 'yan saiwoyi, yana hawa kamar mai tafiya cikin barci.

Shekara shida sai ganye. Na sha tsokanarta: "Iya, ciyawa kike goyo?"

"Ke dai ji da miyarki, Fumie," in ji ta.

Sabon shugaban gida ya zo, ya ce a ɓamɓare yaɗon a yi fenti. Iya ba ta yi musu ba. Ta tsinko tohonsa mai ƙanshin kokwamba, na cuɗa da miso, daddawarmu ta waken suya, muka kai ɗakunan da ke kallon bangon daidai lokacin da shugaban ke zagaye. Baba Iwao, tsohon ma'aikacin daji da ya yi wata takwas bai ce uffan ba, ya shinshina, ya daɗe ido rufe.

"Shekara arba'in ina sare wannan daga jikin itatuwa," ya ce wa shugaban. "Ban taɓa tsayawa na ga furensa ba. Yaro, bar mini wannan."

Maganar fenti ta mutu a nan. Da damina ta kewayo, fararen furanni suka lulluɓe bangon har sama. Aka tura gadon Baba jikin taga, ni kuwa na koma kicin na sha kuka.

Ke ce, Iya, mai raino ba a sa ki ba. Watan nan za ki ajiye aiki, gwiwa ta gaji. Mun gode ƙwarai. Duk wanda ke da wani lungu da aka juya wa baya, ya yi koyi da ke.

Jiya na iske ki durƙushe kina dasa sabon reshe bayan ɗakin wanki.

"Iya, shekara bakwai fa kafin ya yi fure," na ce, "ga ki da saba'in da ɗaya."

Kika danna ƙasa da tafin hannu. "To, ni kaɗai ke da ido?"