Gwangwanayen Ƙasar Ƙanena

Edita, ina roƙon a ba ni fili, a kuma sakaya sunana. A shekarun da aka gama yaƙin duniya na biyu ni tela ne a zangon Salaga, da keken ɗinki ɗaya a shagon da ke jikin gidanmu. Bokona bai wuce elemantare ba. Tun ina yaro nake da wasiwasi. Sai in idar da alwala in sake, don ina shakkar ko na shafi kunne. In ƙyalle ya ragu daga ɗinkin mutum, ko bai kai tafin hannu ba, sai na bi shi da shi har gida. Mutane suna yabona da tsoron Allah, ni kuma na ɗauka duk abin da ya hana ni sukuni lallai akwai zunubi a cikinsa.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda marigayi mahaifinmu ya sa a boko, ko da yake gidanmu na fataken goro ne tun kakanni. Yaron ya yi ta wucewa har ya zama injiniya a can kudu, aka ba shi gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Ingila. Ya gaya mini wannan karatun ba na zaman aji ba ne, bincike ne: mutum ya ɗauki tambaya ɗaya ya bi ta har ya samo amsa, sannan a ba shi digiri. Tasa tambayar ita ce abin da ke sa rijiyoyinmu su rufta da damina su ƙafe da rani, da irin ƙasar da ke riƙe ruwa. Na'urorin gwaji suna can, ƙasar tana nan, don haka aka ba shi rani ɗaya ya zo ya ɗiba.

Ya sha wuya a ranin nan. Ya bi lori zuwa Yendi, ya wuce Bawku, yana ɗaura igiya a ƙugu yana sauka cikin rijiyoyi. Duk ƙasar da ya ɗebo sai ya zuba a gwangwani, ya toshe baki da kakin zuma don kada damshinta ya fita, ya yi masa alama. Da ya gama da na Salaga ya jera su a ƙarƙashin teburina, ya ce ni ne yayansa, ba shi da wanda zai ba amana sai ni, kada rana ta taɓa su, kada kuma in yi zancensu da kowa.

Ina taka keke, gwangwanayen suna gefen ƙafata, zuciyata ta fara saƙa. Mun taso muna jin cewa da ƙasar sawun mutum ake yi masa asiri, to ina ga ƙasar gari guda a hannun Nasara? Ga shi ɗaya daga rijiyoyin tana kusa da tsohuwar maƙabarta. Na ji kunyar tambayar ƙanena, kada ya ga jahilcin yayansa. Liman kuma ya yi tafiya. Sai na je wurin Baffa, wan mahaifinmu, wanda shi ne mai gida a lokacin. Na san bai taɓa yafe wa mahaifinmu maganar boko ba, na kuma san 'ya'yansa ba wanda ake nunawa a gari yadda ake nuna ƙanena. Duk da haka na durƙusa na ce tambaya ce kawai, ko ya halatta a fitar da ƙasar gari zuwa ƙetare. Ya yi murmushi, ya ɓara goro ya ba ni rabi, ya ce ni ɗan albarka ne, in je in kwantar da hankalina.

Washegari bayan la'asar ƙofar gidanmu ta cika. Dattawan unguwa, dillalan doya, har mata masu dawowa daga neman ruwa da tulunan da ba su cika ba. Baffa ya sa na fito da gwangwanayen da hannuna, ya kuma ce in maimaita tambayata a gaban jama'a, tunda kowa ya san ba na ƙarya. Na maimaita. Ƙanena yana tsaye yana kallona.

Baffa ya tambaye shi shekara nawa ya yi a makaranta kafin ya koyi tonon rami, ya ce gafiya ma tana yi, ba ta kuwa je Ingila ba. Aka yi dariya. Wani dillali ya ce shi ya sa ruwa ya yi ƙasa bana, alhali ba ranin da bai yi ba. Ƙanena ya cire hularsa ya durƙusa a cikin ƙura. Ya roƙi Baffa da girman Allah da darajar zumunci ya bar masa ko rabi, ya ce jirgin ruwa ya kusa tashi, damina tana ƙofa, ba kuma za a ƙara masa wani rani ba. Baffa ya ce ya ji, amma ya umarce shi ya juye su da kansa. Ƙanena ya ƙi. Sai Baffa ya juyo gare ni, ya ce to mai tsoron Allah ya juye.

Na juye. Da wuƙar farke ɗinki na yi ta fasa kakin, ina zubarwa wuri ɗaya, jar ƙasar Bawku a kan yumɓun Yendi, ta Salaga a kansu. Ina zaton za a mayar da ita rijiyoyin, tunda tsoron da aka ce ana ji ke nan. Sai na ji Baffa ya ce a kawo ruwa a kwaɓa, katangar garken awakinsa ta tsage. A gabanmu aka yaɓe ta, aka ba yara gwangwanayen suna buga su kamar ganga. A nan na gane bai taɓa jin tsoron komai ba.

Ƙanena ya yi ƙoƙarin sake ɗiba, amma fataken shanu sun riga sun kai labarin har Yendi da Bawku. A wata rijiya da jifa aka kore shi. Ruwan sama ya sauka, ya koma Ingila hannu sake, daga baya ya dawo ba digiri, ya kama aikin duba hanya a Bawku. Da liman ya dawo na kai masa tambayar, ya ce ƙasa ta Allah ce, ba abin da ya haramta, sannan ya tambaye ni me ya hana ni jira.

Na daɗe kafin in iya zuwa Bawku neman gafara. Ƙanena ya tarbe ni da ladabi, ya kira ni Yaya, ya sa aka yanka mini zabo. Ya ce ya yafe don Allah. Amma na lura duk sa'ad da na shigo zaure ana hira, sai a koma zancen farashin gero. Haka muka zauna har ya rasu, ban ƙara sanin abin da yake ciki ba.

Abin da na koya shi ne wasiwasi ba tsoron Allah ba ne. Ni kwanciyar hankalina nake nema, na kuma same ta ta hanyar lalata aikin wani. Ina jan kunnen masu hali irin nawa, musamman waɗanda ke da ɗan'uwa mai karatun da ba su gane ba. In wani abu nasa ya dame ku, ku cije kunya ku tambaye shi. In kuma dole ku kai tambayar wani wuri, ku fara duba abin da mai amsawa zai yi da ita bayan kun tashi.