Azarar Ɗakin Maijego

Har gobe ban manta da ranar da na shiga gidan Alhaji Aliyo mai fataucin fata ba, a nan Tahoua, a farkon shekarun mulkin kai. Lokacin ni ƙaramin duba-gari ne a ofishin tsabta.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, mukan fara ne da randuna, mu leƙa ko akwai tsutsar sauro. Sai salga, mu ga tazararta da rijiya, sai kwata da turken dabbobi. Daga nan mu shiga ɗakuna mu duba tsagewar bango, da indararo, da azara, wato itacen da ke riƙe da rufin ƙasa. In mun ga ɓarna mu yi gargaɗi. In an ƙi ji, mu kai wa shef, wato shugaban ofishinmu, shi ya turo gardi, ɗan sandan lokacin.

Damina ce, hadari ya haɗo daga gabas. Tsakar gidan tsaf, ban sami abin faɗi ba. Sai na hango wani ɗaki da rufinsa ya lotsa. Na nufi can, Alhaji ya tare ƙofa.

"Mi kaka nema cikin ɗakin ga? Maijego na ciki."

Na ce rufin kawai zan duba. Da ƙyar ya kauce. Na shiga, na ɗaga kai. Gara ta yi hanya a jikin azarar tsakiya tun daga wannan bango har wancan, ga matar Alhaji kwance ƙarƙashinta da jariri.

"Alhaji, a fitar da su yanzu, kafin ruwan nan ya sauko."

"Ba ta hita sai an yi suna. Ubana ya gina ɗakin ga, ciki aka haihe ni. Kai ɗan wa?"

Na ce doka ta ba ni ikon kiran gardi. Nan na ƙara ɓata lamarin. Ya ce in kira, shi kuma gobe da safe yana gaban kumandan mai mulkin gari, sai an tuɓe min kakin nan. Na san zai iya. Ga ofis da nisa, iska kuma ta fara kaɗa zanar tsakar gida.

A gefen gado akwai wata tsohuwa tana dama kunun kanwa, ashe mahaifiyarsa ce. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ga sandarki nan. Ki taɓa itacen can da hannunki, in ya yi miki, na tafi."

Ta dube ni, ta miƙe, ta zunguri azarar. Kan sandar ya shige kamar cikin tuwo, gari ya zubo a kan zanen jaririn. Ta karkaɗe zanen, ta sunkuci jikanta, ta ce wa surukarta, "Tashi, ɗiyata." Alhaji ya ba su hanya.

An yi ruwa ranar, rufin bai faɗi ba. Amma da magini ya zo sauke shi, azarar ta karye a hannunsa kamar kara. Alhaji bai gode min ba, bai kuma je wurin kumandan ba.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan: kaki zai shigar da kai zaure, amma ba ya tayar da mutum daga ɗakin ubansa. In ka shiga gida, nemi wanda ake jin maganarsa, ka bar shi ya gani da idonsa.