Minti Goma Sha Biyar Bayan Kumfa

Shekara arba'in da ɗaya mai gyaran agogo ya yi a shago guda, a ƙarƙashin wani tsohon bene. Teburinsa bai fi faɗin ƙofa ba: madubin ido ɗaya, ɗan hantsaki, da gwangwanin ƙananan kusoshi. Mutanen layin Baba Minti suke kiransa, don in ka ce masa "ina zuwa", sai ya tambaye ka minti nawa.

Tun da likita ya ce jininsa ya hau, ya rage gishiri da nama mai kitse, matarsa ce ke jiƙa waken suya, ta kai niƙa, ta tace, ta dafa masa madara kowace safiya. Likitan ya ce waken yana gina jiki, kuma ba shi da irin kitsen nan. Bara ta rasu. Baba ya koma shayi da burodi, da soyayyen naman bakin titi.

'Yarsa tilo, da ke aure a wani gari mai nisa, ta zo ta tarar tukwane sun yi ƙura.

"Baba, nan da wata biyu zan dawo. In ba ka iya ciyar da kanka ba, rufe shagon nan za mu yi in tafi da kai."

"In je in yi me? Kallon fanka?"

"Ko fankar ce, ai da abinci a gefe."

Washegari ya jiƙa wake, ya bi layin mata da bokitinsa a wurin niƙa. Ya tace, ya ɗora a wuta. Kumfa na tasowa ya sauke, ya shanye madarar da ɗanyen warinta. Kwana uku cikinsa na murɗawa, shago a rufe, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. A waya ya ce wa 'yarsa lafiya lau yake.

Da ya koma, mai injin niƙa ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba Minti, ka rame. Madarar ce ko kewa?"

Ya faɗa mata yadda ya yi. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kumfa ta yaudare ka! Tashin farko ba dahuwa ba ce. Rage wuta, ka yi ta juyawa minti goma sha biyar. Kai da ke gyara wa duniya lokaci!"

"Marigayiya ba ta taɓa duba agogo ba."

"Ita hancinta ne agogonta."

A cikin durowa ya samo agogon hannun matarsa, wanda ya tsaya tun shekaru shida. Kullum ta ce ya duba mata, sai ya ce gobe. Gyaran bai ci masa rabin awa ba. Ya rataye shi a ƙusa, kusa da murhu.

Da wata biyu suka cika, 'yar ta zo. Ta buɗe tukwane, ta duba katin asibiti, ta kurɓi madarar.

"Ta yi, Baba."

Bayan kwana biyu ta hau mota ita kaɗai.

Har yau Baba Minti na buɗe shago ƙarfe takwas. Kafin nan yana tsaye gaban tukunya da ludayi, idonsa a kan ƙusa, babu motsin kowa a gidan. Awon matarsa yake jiƙawa, mai fitar da kofi biyu. Yakan sha ɗaya a tsaye, ya rufe ɗayan ya tafi da shi shago.