Rara

A ofishin tsara rabon ruwa, Sikeli kowa ke kiransa, don ba ya buɗe baki bai ce "a ɗora a sikeli" ba. A kan teburi ɗaya ya yi furfura, ƙarƙashin fankar da ƙararta ta fi iskarta, yana raba kogi guda ga mutanen da kowannensu ke ganin shi kaɗai Allah ya halitta da ƙishirwa. Birni na son famfo ya kawo. Masu noman rani na son a buɗe musu, masu wutar lantarki na son dam ya zauna a cike. Ɗan abin da ya saura, wanda ake saki ya gangara ƙauyukan ƙasa, shi ake kira "rara" a ofis.

A bakin wannan rarar aka haifi Sikeli. Da ita yayansa ke noman fadama har yau.

Bana damina ta yi rowa, aka zauna taro. Shugaban ofis ya ce, "A rage rara, tunda ba ta da mai ita."

"Ranka ya daɗe, akwai mutane a ƙasan nan fa," in ji Sikeli.

"Na sani. To a tsakuro daga wa? Asibitin birni? Faɗa mana, ai kai ne sikeli."

Sikeli ya zura wa taswira ido. Duk inda ya ɗora yatsa, bakin wani ne a wurin. Abin haushin ma, shugaban ba mugu ba ne, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Sikeli ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ya sa hannu a takardar rage rara.

Da rani ya tsananta, wata rana ya dawo daga aiki ya tarar da yayansa a tsakar gida, da buhun kayansa a gefe.

"Fadama ta bushe, ƙanena. Na ce ko za ka samo mini aikin gadi."

Yayan ya tashi wanke ƙafa. Ya murɗa famfo, ruwa ya feso har ya jiƙa masa wando. Ya tsaya yana kallo.

"Ikon Allah! Ashe ku kuna da ruwa."

Matar Sikeli ta leƙo daga kicin, fuskarta sake. "Bana kam mun gode Allah, Yaya. Har da rara."